Ranar da Baba Ya Zauna a Kujerar Fada

Shekara goma sha tara babana ya yi bai karɓi Jibin Ubangiji ba, wato gurasa mai tsarki da ake ba masu ibada, alhali ban san Lahadin da ya taɓa fashin coci ba, ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mu 'yan Katolika ne, kuma a wurinmu wanda ya san yana ɗauke da babban zunubi ba ya shiga layin karɓa, sai ya fara zuwa gaban Fada, limamin coci, ya yi ikirari, wato ya furta laifinsa a yi masa gafara. Kowa yakan zauna wata rana, ba abin magana ba ne. Amma mutum ya zauna shekara da shekaru, a benci na uku daga gaba, inda duk coci ke kallon ƙeyarsa, ai dole bakin mutane ya yi ƙaiƙayi. Ina da shekara goma sha biyu ya fara, kuma na girma abin yana cin raina. Ina so in ga babana a layin nan kafin ƙasa ta rufe idon ɗayanmu. Bara ya rasu, kuma kafin ya tafi ya ba ni izinin in faɗi abin da ya shafe shi a labarin, ban da na wasu.

Kafinta ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layinmu, tsakanin mai walda da mai gyaran rediyo, ƙasa cike da garin katako, zarto uku a rataye bisa tsawonsu, fensir a bayan kunnensa har wurin cin abinci. Baba Lebur ake kiransa, saboda lebur, ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya da ba ya rabuwa da shi. In ya shiga gidanka ya ga hoto ya karkace a bango, ba zai ji gaisuwarka ba sai ya miƙe ya gyara shi. Kuma yana da wata ɗabi'a: ba ya miƙa wa kowa kujera sai ya zauna a kanta, ya jingina, ya yi girgiza hagu da dama kamar mai jin kiɗa. Ko kujerar ɗan yaye ce sai ya tsuguna a kai, mu muna dariya, shi ko a jikinsa.

Kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce lamiri, muryar nan ta cikin zuciya mai cewa ka yi daidai ko ka kauce. Ya taɓa bin wani gado har gidan mai shi bayan wata takwas, don ya tuna ƙusa ɗaya ta shiga a karkace. Matar gidan ta ce ita ba ta ga komai ba, barcinsu suke sha lafiya lau. Ya ce ta yi haƙuri ta ɗaga katifar, lamirinsa ne bai kwanta ba. To, mutumin da ƙusa ɗaya ta hana sakat, wane irin zunubi zai ɗauka ya ƙi kaiwa a sauke masa? Wannan tambayar ce ta hana 'yan cocinmu zama lafiya, ni ma ta hana ni.

Mama tela ce, kekenta a falo kusa da taga. Ita ba ta taɓa ɗaga maganar a gabanmu ba. In matan coci suka zo da salon bugun ciki, suna juya yadi suna cewa ko Baba lafiya, sai ta ce, "Tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Kugun za a rage ko hannu?" Ni kuwa ba a yi ni da wannan haƙurin ba. Tun ina ƙarama Baba ya sa mini suna Lauya saboda gardama, kuma na yi ta shigar da ƙara ba iyaka. Amsarsa ɗaya ce: "Lauya, kotu ta tashi." Ranar aurena na roƙe shi har da hawaye. Ya riƙe hannuna ya kai ni gaban bagade, teburin ibada da ke gaban coci, ya koma ya zauna, da aka zo karɓa ya sunkuyar da kai. Na yi wata biyu ina gaishe shi da baki kawai, ban da zuciya.

Shekarar da ya cika sittin da takwas ne abin ya fashe. Wata Lahadi katikis, malamin da ke taimaka wa Fada, ya karanta sunayen marasa lafiya don a sa su a addu'a, kamar yadda aka saba. Da muka fito na ga fuskar Baba ta sauya, na ɗauka zafi ne. Ran Alhamis Mama ta kira ni a waya ina makarantar da nake koyarwa.

"In kin tashi ki biya ki ga babanki. Kwana uku ke nan yana sa rigar coci da la'asar, ya fita, ya dawo bai ce uffan ba. Jiya kuma ya yanka ƙofa ta gaza."

"Ta gaza? Baba?"

"Da yatsa biyu. Mai ƙofar da kansa ya kasa yin faɗa, sannu ya yi masa."

Na same shi a shago zaune a kan bencin aiki, ƙofar da ta gaza tana jingine a bango kamar mai jiran shari'a. Ban ko gama gaisuwa ba ya ce in jawo ƙofar shagon. Na jawo, na zauna a kan wani akwati.

"Kin tuna shekarar da gara ta ci akwatin ikirari?"

Na tuna sama-sama. Akwatin ɗan ɗaki ne na katako a bayan coci. Fada yakan shiga tsakiya ya zauna ya ja ƙofa, mai ikirari ya durƙusa a gefe, tsakaninsu raga da labule, ba mai ganin fuskar wani.

"Fada Tsoho, Allah ya ba shi hutawa, shi ya ce in gyara masa kujerar ciki, tana lilo da shi. Ran Asabar ne. Na gama wajen ƙarfe uku, ikirari kuwa sai huɗu, coci ba kowa. Na ce bari in gwada, kin san halina. Na zauna, na ja ƙofa in ga ko za ta bugi gwiwarsa, don mutum ne mai jiki. Ƙusoshi huɗu a bakina. Sai kawai na ji katakon durƙuso ya yi ƙara."

"Wayyo, Baba. Sai ka ce ba Fada ba ne!"

"Da ƙusa huɗu a baki? Kafin in tofar da su a hannu matar da ta durƙusa ta riga ta faɗa. Ba ta yi irin tamu ba, a fara da ƙanana ana kewaye-kewaye. Babban ta fara direwa, da numfashi ɗaya, tana kuka. Kuma na san muryar, Lauya. In na buɗe baki ita ma ta san tawa. Abin da ta ɓoye wa duniya ta kawo wa Allah, sai ta ji ashe a kunnen maƙwabci ta zuba shi, mutumin da za ta riƙa haɗuwa da shi a hanya har ta mutu. Na ce a raina bari ta ɗan tsagaita in yi tari. Ba ta tsagaita ba. Da ta gama ta yi shiru, ni ma na yi shiru, gumi yana bin bayana. Can ta ce, Fada, Allah zai gafarta mini kuwa?"

Ya tsaya ya dubi tafin hannunsa, na ƙyale shi.

"Na ƙanƙance murya na ce, zai gafarta, je ki. Hannun nan kuma ya ɗaga da kansa ya yi alamar gicciye ta wajen ragar. Ta yi addu'ar tuba, ta tashi. Ina jin takunta har bakin ƙofa, ba irin takun da ta shigo da shi ba. Ta tafi da murna, Lauya, ta ɗauka an sauke mata, alhali kafinta ne ya sallame ta."

Allah ya gani, abu biyu suka taso mini lokaci ɗaya, dariya da kuka, na danne su duka da ƙyar. Na yi shekaru ina zargin kisan kai ko rantsuwar ƙarya, ashe gwajin kujera ne. Amma da na dubi fuskarsa sai dariyar ta mutu. Ya ce sunan matar yana cikin waɗanda katikis ya karanta, kuma an ce jikin ya yi tsanani. Fitar da yake yi da rigar coci, ƙofar gidanta yake zuwa ya tsaya, ya kasa shiga, ya juyo.

"In na yi shiru, za ta je gaban Allah da abin da ba a kwance mata ba, kuma ni na jawo. In na faɗa mata, na kashe ta da kunya a gadon ciwo. Gaba kura, baya siyaki."

"To me ya hana ka kai wa Fada tun a ranar?"

Nan ya miƙe zaune, ya koma Baba Lebur ɗin da na sani. Ya ce ya taɓa jin katikis na wancan lokacin yana cewa wanda ya yi shigar Fada ya saurari ikirari ya yanke kansa daga teburin Ubangiji, don haka ya san hukuncinsa, ba sai an karanta masa ba. Ya ce Fada Tsoho mutum ne mai zafi, zai iya matsa masa ya faɗi suna, ko ya hau bagade ya yi shela cewa duk wanda ya yi ikirari kafin ƙarfe huɗu ya dawo, asirin matar ya tonu ke nan. Zuwa ikirari kuma ya faɗi wasu laifuka ya ɓoye wannan, ƙarin zunubi ne. Sai ya bar duka, ya zauna.

"Fada Tsoho ya shekara goma a kabari, Baba. Wannan na yanzu fa?"

"Yaron nan mai tabarau? Na girmi ubansa. Me zai gaya mini da lamirina bai gaya mini ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ya sani, amma ba kullum ya iya hawa rufi ba."

"Allah ya ba kowa lamiri don ya bi shi. Ikilisiya da kanta haka ta koyar."

"Ta koyar, kuma ta ce a ilimantar da shi, a tambayi waɗanda aka ɗora wa koyarwa. Ko wannan shafin ya yage a littafinka?"

Ya harare ni, ya ce bakina ya fi zartonsa kaifi. Idona ya faɗa kan lebur ɗinsa a gefen benci. Na ɗauko shi, na tambaye shi yadda kafinta ke gane cewa lebur ya lalace. Na san amsar, don tun ina firamare ya koya mini, amma Baba ba ya iya ƙyale tambayar aiki ta wuce.

"Sai ki ɗora shi a kan katako ki duba ɗigon. Ki juya shi, kai ya koma gindi, ki sake ɗorawa a wuri ɗaya. In ya faɗi magana ɗaya, lafiyarsa ƙalau. In ya faɗi biyu, kada ki ƙara aiki da shi sai an gwada shi da wani."

"To naka na cikin ƙirji fa? Ta nan ya ce ka faɗa mata, ka juya shi ya ce ka yi shiru. Shekara goma sha tara kana juyawa."

Bai ce kotu ta tashi ba. Ya karɓi lebur ɗin daga hannuna ya goge shi da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Na ji tausayinsa ya kama ni har na so in janye maganar, amma na cije. Da zan tafi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ran Asabar ki biyo da mota. Ƙafata tana ciwo." Ƙafarsa lafiyarta lau.

Ran Asabar muka isa ƙarfe huɗu saura kwata. Ya bar mutum shida suka wuce gabansa, yana ce wa kowa ya shiga, shi ba sauri yake ba, har sai da na tsaya a bayansa na tare hanyar fita. Ya shiga ya durƙusa. Ni kuma na koma bakin ƙofar coci, inda allon sanarwa yake, kuma ba zan yi ƙarya ba, idona ya je kan takardar marasa lafiya. Suna goma sha ɗaya, bakwai mata. Na fara bin su ɗaya bayan ɗaya ina auna wadda ta yi kama, sai kunya ta rufe ni. Mutum ya ba da shekara goma sha tara na ransa don ya rufa wa baiwar Allah asiri, ni kuma 'yarsa ina neman buɗewa cikin minti biyar. Na juya wa allon baya. Har yau ban san ko wace ce ba, kuma abin da ta faɗa ya bi Baba kabari.

Minti arba'in ya yi a ciki, masu layi har sun fara duba agogo. Ya fito fuska a murtuke, ya durƙusa a benci na ɗan lokaci, sannan ya wuce ni fuu zuwa gindin bishiyar da ke harabar coci. Na bi shi.

"Baba, lafiya? Ya ƙi ne?"

"Uku!"

"Uku me?"

"Addu'ar A gaishe ki Maryamu, ƙafa uku. Shi ke nan horon da ya ba ni. Shekara goma sha tara, a ce uku kacal? Na ce masa, Fada, ka ƙara. Ya ce ba ciniki muke ba."

Na zauna a kan tushen bishiyar. Da ya huce ya ba ni labarin tiryan-tiryan, don mai ikirari yana da damar faɗin nasa, Fada ne bakinsa ke ɗaure. Ya ce da ya zo kan matar, Fada ya tare shi: kada ya faɗi sunanta, kada ya faɗi abin da ya ji, don duk wanda ikirarin wani ya faɗa kunnensa, ko da kuskure ne, sirrin ya hau kansa. A nan, in ji Fada, lamirinsa ya yi daidai, kuma Allah ya ga wannan riƙon amana. Hukuncin da katikis ya ambata kuwa na wanda ya yi da gangan ne don yaudara, ba na mutumin da tsoro ya ɗaure wa harshe ba.

"Na ce, ita fa? Ya ce, Baba, wannan baiwar Allah ta ci gaba da zuwa ikirari bayan ranar? Na ce ƙwarai, ina ganinta a layi. Ya ce to ba ta ɓoye komai da gangan ba, ta yi tuba da zuciya ɗaya, gafarar da aka yi mata daga baya ta haɗa har da wancan. Tun shekarun baya ta sauke. Kada in je in ɗaga mata hankali. Marasa lafiyan kuma duk ya zagaya su a makon nan, zai sake zagayawa."

Ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, wai ƙura ce.

"Sai Fada ya ce, amma akwai laifin da ba ka ambata ba. Na ce wanne? Ya ce, Baba, zaman farko a kujerar nan minti biyar ne, kuma kuskure ne. Amma tun daga ranar ba ka sauka ba. Kai ne mai laifi, kai ne mai sauraro, kai ne mai yanke hukunci, ka rufe wa kanka ƙofar da Almasihu ya buɗe, ba ka tambayi kowa ba. Wannan shi za ka tuba a kai." Ya girgiza kai. "Yaron nan, Lauya. Da tabaransa."

"Ka amsa?"

"Ina da ta cewa ne? Gaskiya ya faɗa." Sannan ya ƙara da cewa, "Kujerar da na gyara dai ko ƙis ba ta yi ba. Ina kasa kunne duk juyin da Fada ya yi."

A mota ne ya gaya mini abu na ƙarshe. Kafin ya tashi daga wurin ikirarin, Fada ya tambaye shi me matarsa take tsammani duk shekarun nan. Ya ce ba ta taɓa tambaya ba. Fada ya ce ba zai tilasta shi ba, amma in da shi ne, da zai je ya ji dalilin shirun.

Muka tarar da Mama a kan keke tana haɗa wuyan wata riga, rana ta kusa faɗuwa. Na so in zame, Baba ya ce in zauna, shaida ce ni. Ya tsaya a tsakiyar falo riƙe da hula, ya faɗa mata kamar yadda ya faɗa mini, ba suna, ba abin da ya ji. Ƙafar Mama ta tsaya a kan keken tun daga wurin ƙusoshi, ba ta ƙara motsi ba har ya gama.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan, Maman yara."

"Kujera ka gwada."

"Kujera na gwada."

Ta cire tabarau ta ajiye a kan yadin, a hankali.

"Ni na ɗauka wata ka ajiye a waje."

Kafin Baba ya buɗe baki ta ci gaba.

"Me kake so in ɗauka? Namiji lafiyayye ya daina karɓa rana ɗaya, ya daina ikirari, ya daina kallon idona in an fito coci. Har na san wadda na ɗora wa. Matar nan da mijinta ya rasu, wadda ka yi wa kabad ka koma gidanta sau uku."

"Ƙofar kabad ɗin ce take..."

"Rufe mini baki, Kafinta! Shekara huɗu ina amsa gaisuwarta da kai kawai, baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Na kai wannan ƙiyayyar ikirari har Fada ya gaji da ni. Da ƙyar na yafe. Na yafe mata, na ɗinka wa 'yarta rigar aure da hannuna. Kai kuma na yafe maka tun kana da baƙin gashi. Kowace safiya ina yi muku addu'a, kai da ita, Allah ya raba ku ya shirye ku."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Don ina tsoron amsar. Na san ba ka ƙarya." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Lamirin naka da yake jin ƙusa ɗaya a gadon mutane, bai taɓa jin ni ba ina kwance a gefenka?"

Na ga babana, mutumin da bai saba durƙusa wa kowa ba sai Allah, ya kai gwiwa ƙasa a kan ledar falo, cikin guntayen zare. Ya ce shi ya ɗauka shi kaɗai yake shan horon. Ya ce ta yafe masa. Mama ta tashi ta kwashe rigar da take ɗinki, ta ce ta riga ta ɓarnatar da yafiyarta a kan laifin da bai yi ba, na wannan kuwa sai ya jira ta sake tarawa. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Na ɗaga shi, na karkaɗe masa gwiwa, ni ma ina kuka ina jin haushinsa ina ƙaunarsa, duk a haɗe.

Washegari Lahadi na zo coci da wuri na zauna tare da su. Ba ta ce masa kanzil ba tun daga gida, amma na lura rigarsa ta sha guga har tana ƙyalli. Aka yi karatu, aka yi wa'azi, Fada ya ɗaga gurasa da ƙoƙo. Mawaƙa suka fara, mutanen benci na farko suka tashi, na biyu suka bi. Aka zo kanmu. Baba ya dafa katakon gabansa zai miƙe, ƙafafunsa suka ƙi. Ya sake gwadawa, ya koma ya zauna, numfashinsa yana fita da sauri. Mutanen baya suka fara wucewa. Na ce a raina shi ke nan, ya fasa.

Mama ba ta dube shi ba. Idonta yana kan bagade ta ce, ƙasa-ƙasa, "Tashi. An ce ka tashi, ba shawararka ake nema ba."

Ya tashi. Ta shiga bayansa a layi, ta damƙi gefen rigarsa kamar mai tsallakar da yaro titi, ba ta saki ba har gaban Fada. Na ji cocin ya yi wani irin tsit, har mai kiɗa ya ɓata waƙa. Baba ya haɗa tafukansa masu kanta ya miƙa. Fada ya ce, "Jikin Almasihu." Amin ɗin da Baba ya amsa, har benci na ƙarshe an ji ta.

Da suka dawo ya durƙusa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Mama ta durƙusa kusa da shi, ta lalubi jakarta ta ciro hankici ta cusa masa a hannu. Ta matso da bakinta kusa da kunnensa, ni ina gefe ina ji.

"Kada ka ɗauka mun shirya," ta ce. "Share fuskarka, mutane suna kallo."